Kurar da Ba Ta Zama, Zakin da Ba Ya Tashi: Yadda Ake Auna Walwalar Dabbobin Gidan Zu

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, nan Kaduna. Bayan hutun Sallah mun kai 'yan aji biyar yawon buɗe ido wani gidan zu, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Kura tana ta kai da komo a jikin waya, ba ta tsaya ba har muka bar wurin. Zaki kuwa yana kwance kamar gawa, yara na ihu, wasu har da jifa, amma ko kai bai ɗaga ba. A ofishinsu akwai akwatin gilashi na kifi, ruwan ya yi kore shar, kifayen duk sun taru a sama suna buɗe baki. Wata yarinya ta ce mini, 'Malama, suna jin daɗi a nan?' Na rasa abin cewa. Don Allah ta yaya ake gane dabba tana cikin walwala ko wahala? Kuma akwai gyara, ko rufe wuraren nan ne kawai mafita?"

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa yarinyar nan albarka. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: ma'aunin da za ki ɗora dabba a kai ki san halin da take ciki, tunda ba ta da bakin faɗa, sannan abin da ake yi idan ma'aunin ya nuna ba daidai ba. Ni likitan dabbobi ne. Yawancin aikina shanu ne da awaki da kaji da karnuka a Kaduna da kewaye, amma na daɗe ana kirana gidajen namun daji, da gidajen masu hali da ke ajiye barewa ko jimina ko dawisu a farfajiya. Daga can zan yi miki magana.

Cikin ukun da kika lissafa, zakin ne ya fi ƙarancin tayar mini da hankali. Kurar ta daɗe cikin damuwa. Kifayen kuma, waɗanda na tabbata yara ba su ma tsaya a kansu ba, su ne ke bakin mutuwa a ranar da kuka je.

Manyan gidajen zu na ƙasar nan tsofaffi ne. Na Jami'ar Ibadan tun 1948 yake. Na Maiduguri, da na Kano da aka gina zamanin Audu Bako, da gandun namun daji na Jos, duk a farkon shekarun 1970 suka samu. A wancan zamanin, a nan da sauran duniya, tambayar da ake yi ita ce: dabbar tana raye, tana cin abinci, ba za ta tsere ba? Shi ya sa aka yi ta zuba siminti da ƙarfe, abin da za a watsa wa ruwa a share cikin minti biyar. Tunanin ya fara sauyawa ne daga gonaki. A 1965 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell ya duba halin da dabbobin gona suke ciki, daga rahotonsa kuma aka fitar da abin da ake kira 'yanci biyar: dabba ta kuɓuta daga yunwa da ƙishi, daga takura, daga ciwo da cuta, daga tsoro da firgici, a kuma bar ta ta yi ɗabi'arta ta asali. A 1994 David Mellor da abokin aikinsa a Niyu Zilan suka kawo wani tsari da ya ƙara zurfi. Ana duba abinci, da muhalli, da lafiya, da ɗabi'a, sannan a tambayi abin da waɗannan huɗun suka haifar a zuciyar dabbar. Wannan tsarin ne ƙungiyar gidajen zu da gidajen kifi ta duniya, WAZA, ta ɗauka a 2015. Abin da ya ƙaru a cikinsa shi ne, cire wahala kaɗai bai isa ba, sai an ga ko a yinin dabbar akwai abin da take marmari, take nema, take samu.

Mu kuwa wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Laifi biyu aka lissafa mata: ba ta ciyar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta cikin ƙwarin ƙasa ba. Na daɗe ina tunani a kan na biyun. Duk abin da daji yake ba dabba kyauta, inuwa, rami, 'yan'uwa, doguwar tafiya, farauta, ranar da ka turo ƙofa ka sa kwaɗo ya koma bashi a wuyanka. Aya ta 38 a Suratul An'am ta kira su al'ummu irinmu. Abokan aikina Kirista kuma sukan kawo Karin Magana 12:10, inda aka ce adali yana kula da ran dabbarsa. Aikin auna walwala ƙididdigar wannan bashin ne: nawa aka biya, nawa ya rage.

Safa da marwar kura

Abin da kika ga kurar tana yi ba hauka ba ne, ba kuma iska ba ce, ko da yake na sha jin masu kallo suna faɗin haka. Maimaita motsi ɗaya ne, hanya ɗaya, juyi ɗaya, ba tare da wata manufa ba. In kin duba ƙasan wurin da kyau za ki ga sawunta ya yi turba. Kowace dabba da irin nata: giwa kaɗa kai take yi, raƙumin dawa lasar bango, aku fige gashin ƙirjinsa, biri cizon hannunsa ko jijjiga jiki. Da wuya ki ga wannan a daji. Yana fitowa ne idan jiki yana tura dabba ta yi wani abu, wurin kuma ya hana ta, yau da gobe har abin ya kama hanya a ƙwaƙwalwa.

To me jikin kura yake tura ta ta yi? Kura mai dabbare-dabbare, wadda muka fi sani, a dangi take rayuwa, mata ne ke shugabanci, kuma dangin kan kai gommai. Tana yin tafiyar kilomita masu yawa a dare ɗaya, tana farautar kaso mai yawa na abincinta da kanta, saɓanin sunan cin mushe da muka laƙaba mata. Muƙamuƙinta na fasa ƙashi ne, hancinta na bin wari ne, tana kuma da ramin da take shiga. Ki ɗauki wannan halitta ki sa ta ita kaɗai a ɗakin da bai fi shagon tela biyu ba, a kan siminti, jama'a ta kowane gefe, a jefa mata tsoka da la'asar ta haɗiye cikin minti biyu. Sauran awa 23 da ɗoriya me za ta yi da su? A 2003 Ros Clubb da Georgia Mason, masu bincike a Ingila, sun tattara bayanan dabbobi masu cin nama da ke tsare, suka gano cewa waɗanda suka fi yawo mai nisa a daji su ne suka fi wannan kai da komo, kuma 'ya'yansu sun fi mutuwa.

Akwai wata kura da na yi aiki a kanta a wani wuri da ba zan ambata ba. Kafin mu taɓa komai, na ba mai kula da ita littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Muka ja layuka: kwance, tafiya ta yau da kullum, safa da marwa, ci, shinshina, ɓuya. Ya tsaya nesa kaɗan na minti 20, duk minti ɗaya ya ɗaga kai ya ga abin da take yi a daidai lokacin ya sa alama. Da safe, da rana, da yamma, har mako biyu. Wannan shi ne ma'aunin da kike tambaya, kuma manyan gidajen zu na duniya ma shi suke yi, sai dai su a waya suke shigarwa. Da muka tattara, sai ga abin da ido bai kama ba: kai da komon yana tsananta ne daga azahar zuwa lokacin da mai baro yake shigowa da nama. Ta san lokacin, ta san ƙarar baron, jiran ne yake cin ta. Ranar da jama'a suka yi yawa kuma abin ya ninka.

Sai muka fara gyara, kusan ba da kuɗi ba. Aka daina ba ta abinci a lokaci ɗaya. Maimakon tsoka zalla, aka riƙa karɓo kan saniya da ƙafafu da fatarsu daga mayanka, abin da za ta yi awa guda tana fama da shi. Aka zuba tifar yashi a kusurwa ana binne mata ƙashi a ciki. Wani lokaci a sa nama a kwali a naɗe, wani lokaci a kawo harawar da awaki suka kwana a kai don ta sami sabon wari. Aka shigo da ƙaton bututun kwalbati ya zama rami, aka ɗaura zana a gefe biyu na wayar. A kan zanar nan muka fi shan gardama, domin shugabannin wurin sun ce mutane sun biya kuɗi ne don su ga kura, in ta ɓuya fa? Abin da na gani, a nan da wasu wuraren, shi ne dabbar da ta san tana da mafaka ta fi fitowa fili cikin natsuwa. Bayan 'yan makonni littafin ya nuna kai da komon ya ragu sosai, shinshina da tono sun ƙaru.

Amma bai daina ba, kuma dole in gaya miki wannan. Ɗabi'ar da ta shekara da shekaru ta zama tabo, ko miki ya warke tabon yana nan. Saboda haka in kin ga dabba tana yi, ba lallai ne gidan da take yanzu ne ya jawo ba, wataƙila daga hannun gardi aka karɓo ta ko daga wani keji da ya fi wannan muni. Haka kuma in kin ga biyu a keji ɗaya, ɗaya na kai da komo ɗaya ta lafe a lungu ba ta kula komai, kada ki ce ta lungun ce mai lafiya. Sau da yawa ita ce ta sallama.

A duk abin da muka yi wa kurar nan, abu ɗaya muka mayar mata: zaɓi. Rana ko inuwa, fili ko rami, kusa da mutane ko nesa, yashi ko dandamali. Duk kejin da na shiga, abin da nake fara ƙirgawa ke nan: abu nawa dabbar nan za ta iya zaɓa wa kanta a yau?

Barcin zaki

Zaki ko a daji yakan yi awa 18 zuwa 20 a kwance, musamman da tsakar rana. Wanda ya yi banza da ihun yara yana barcinsa zai iya kasancewa lafiyarsa ƙalau. Da na ga hotonsa, jikinsa zan duba. Muna ba da maki daga 1 zuwa 5: mai 1 haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa da na kwatangwalo duk a waje, mai 5 ya yi teɓa har ba a ganin ƙugu, abin nema shi ne 3. Sai gashi, yana sheƙi ko ya yi burtu-burtu. Sai bakin kunnuwa, inda ƙudaje masu cizo suke yi wa zakuna da karnuka gyambo da damina. Sai gwiwoyi, inda kwanciya a kan siminti take yin kanta da ƙurji. Sai fiƙoƙi, domin mai cizon ƙarfe yakan karya su, ciwon haƙori kuma dabba takan shekara da shi ba wanda ya sani. Daga ƙarshe in jira ya tashi in ga takunsa.

Takun nan yana ba da labarin abinci. Kuskuren da na fi gani shi ne ciyar da tsoka zalla, ana ganin gata ne. Tsoka ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam. Zaki a daji da ƙashi da fata da hanta da kayan ciki yake ci. 'Ya'yan zakin da aka raina da tsoka kaɗai ƙasusuwansu kan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, wani ya karye daga ɗan tsalle. Ƙarancin bitamin A, wanda hanta ke bayarwa, yakan sa zaki tangaɗi da karkatar da kai. Ɗaya kuskuren shi ne karɓar mushe saboda araha. Dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba tana iya ɗauke da tarin fuka ko saifa ko ragowar magani. Mu 'yan Kaduna ba a ba mu labarin murar tsuntsaye, tunda a wata gona a Jaji aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a Fabrairun 2006. Shekara biyu kafin nan, a 2004, cutar ta kashe damisoshin Asiya masu zane da dama a wani gidan zu a Tailan bayan an ba su ɗanyun kaji. Duk mai gonar da ya kawo matattun kaji kyauta, a yi masa godiya a binne su.

Sai yanayi. A Maris da Afrilu, ɗakin kwano marar silin da daɓen siminti tanda ne. Itace ɗaya mai inuwa, rumfar zana a kan kwanon, kwarmin ruwa, da dandamalin katako da zai hau ya hango nesa, sun fi wa zaki sabon fenti amfani. Da hunturu kuma hankali ya koma kan mesa da kunkuru da birai, a tare musu iska a zuba musu ciyawar kwanciya.

Jifan da kika ambata ya dame ni fiye da barcin. Kwana ukun Sallah su ne mafi nauyi a shekarar dabbar gidan zu. Na taɓa buɗe cikin jiminar da ta mutu bayan biki, na fito da ledoji da murafun kwalba da ƙusa, domin jimina duk abin da ya yi ƙyalli haɗiyewa take. Birai ana cika su da biskit da alewa har haƙora su ruɓe. Ko ayabar da muke ganin abincin biri ce, ta gona ta fi 'ya'yan itacen daji sukari nesa ba kusa ba, har gidan zu na Paignton a Ingila ya daina ba biransa ita a 2014 ya koma ganye da kayan lambu. Biri kuma yana ɗaukar tarinmu da murarmu, kuma a garke yake rayuwa, don haka biri ɗaya tilo a keji ko ɗaure da sarƙa a ƙugu yana cikin wahala ko da tulin abinci ne a gabansa. Kada ma, wanda garinmu ya ci sunansa, mutane sukan tsokane shi da sanda don ya yi shiru baki buɗe. Jikinsa yake daidaitawa da zafi. Buƙatarsa ruwa mai zurfin da zai nutse duka, da tudun shan hantsi, da inuwa.

Kifayen ofis

Koren ruwan gansakuka ce, tana yaɗuwa idan haske ya yi yawa kuma ragowar abinci ta taru. Taruwar kifaye a sama suna haki kuwa alama ce ta gaggawa: ko iskar oksijin ta ƙare a ruwan, ko guba ta ƙona musu matattarar numfashi. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. A cikin matatar akwatin akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da ita wani sinadarin, shi ma mai guba, sannan wasu su mayar da wannan abin da ke da sauƙi. Kafin bakteriyar nan su kafu a sabon akwati ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. To sai mai shara, da kyakkyawar niyya, ya kwashe ruwan duka, ya wanke soson matatar da omo da ruwan famfo mai kulorin, ya kashe su kaf. Ko a ɗauke wuta tun dare, famfon iska ya tsaya, ga zafin bazara, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, gansakukar ma da dare iskar take sha. Da asuba sai a tarar da su a sama.

Mun saba da tarwaɗa, wadda take shaƙar iska ta sama, take kwana a baho a kasuwa ba ta mutu ba, shi ya sa muke ɗauka kowane kifi haka yake. Karfasa ma ba ta kai ta juriya ba, balle kifayen ado. Kuma suna jin ciwo: binciken Lynne Sneddon na 2003 ya nuna akwai jijiyoyin jin zafi a fuska da leɓen kifi. Gyaran nasu ya fi na kowa sauƙi. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako da ruwan da aka cire wa kulorin, a ɗauraye soson a cikin tsohon ruwan akwatin, a rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu, a janye akwatin daga taga, a sa famfon iska mai batir ko a jona shi da sola, a rage yawan kifin. Masu kiwon kifi na Kaduna sun san duk wannan, ko ɗaya daga cikinsu aka kira zai gyara.

Kura da shan bugu

Kin san ƙarashen karin maganar: gardi da karɓar kuɗi. A wurare da dama da na shiga, kuɗin ƙofa na Sallah yana da yawa, amma asusu yake wucewa, kuɗin abincin dabbobi kuma sai an rubuta takarda an jira sa hannu. Zaki ba ya jiran sa hannu. Na san masu kula da dabbobi da suka ciyo bashin nama a wurin mahauta da sunansu, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ba na son a huce haushi a kan mutumin da aka tarar riƙe da tsintsiya a bakin keji. Shi ne zai fara lura cewa barewa ba ta tuƙa yau, ko kashin zaki ya canza. In aka horar da shi, aka ba shi littafi, aka kuma saurare shi, an yi rabin aikin. Akwai Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya a New Bussa, akwai tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai cibiyar bincike ta Vom kusa da Jos, duk ba su yi mana nisa ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a ware wani kaso na kuɗin ƙofa da ba ya barin gidan, a rubuta tarihin kowace dabba, a keɓe sabuwar zuwa aƙalla wata guda kafin a haɗa ta da sauran, sannan sau ɗaya a shekara wani daga waje ya zo ya duba keji bayan keji ya rubuta abin da ya gani ba sani ba sabo.

Game da rufewa, ra'ayina shi ne akwai wuraren da ya kamata a rufe, kuma akwai dabbobin da bai kamata mu ajiye ba sam. Giwa ce ta farko. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna tsaka-tsakin shekarun giwayen Afirka mata da aka haifa a gidajen zu na Turai bai kai 17 ba, na gandun Amboseli a Kenya da suka yi mutuwar Allah da Annabi kuwa 56. Turai ke nan, da duk kuɗinsu. A 2020 kotu a Islamabad ta Fakistan ta ba da umarnin a fitar da giwar nan Kaavan, wanda ya shekara takwas shi kaɗai bayan mutuwar abokiyar zamansa, aka ɗauke shi a jirgi zuwa Kambodiya. A farkon shekarar kuma duniya ta ga hotunan zakunan wani lambu a Khartum da yunwa ta mayar ƙashi da fata. Gidan da ba shi da tabbacin abincin zaki na shekara, ya haƙura da zaki.

Sai dai rufewa ba buɗe ƙofa ba ce a ce kowa ya kama gabansa. Zakin da ya tashi a keji bai iya farauta ba, ba ya kuma tsoron mutum. In aka sake shi a Kamuku ko Yankari, ko yunwa ta kashe shi, ko ya faɗa wa shanun makiyaya a harbe shi, ga haɗarin ya kai wa 'yan zakunan da suka rage mana cuta. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ragewa. A daina sayen 'ya'yan dabbobi daga mafarauta, domin kafin a kamo jaririn biri galibi sai an kashe uwar, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta hana cinikin da yawa daga cikinsu. A hana haihuwar da ba a shirya mata wuri ba. Idan keji ya zama fanko, a fasa bangon a ƙara wa maƙwabci fili maimakon a nemo sabuwar dabba. Iri 15 da ake kula da su da kyau sun fi koya wa yaro wani abu a kan iri 50 da ke fama.

Ki riƙe iyakar maganata. Ban ga dabbobin nan ba, kuma ziyarar awa ɗaya da tsakar rana ba ta isa a yanke hukunci a kan zakin ba, ko ni ne na je. Ana iya auna sinadarin damuwa a kashin dabba, amma yana da tsada, kuma yakan hau saboda murna ko barbara kamar yadda yake hawa saboda tsoro, don haka shi ma sai an haɗa da lura. Alamu muke karantawa daga waje, kamar yadda ake tambayar fuska labarin zuciya, shi ya sa muke tara su da yawa kafin mu yi magana.

Yarinyar nan ki gaya mata gaskiya gwargwadon hankalinta: kurar ba ta jin daɗi amma ana iya sauƙaƙa mata, zakin sai an ƙara dubawa, kifayen suna neman taimako da gaggawa. In za ku koma, ku je da sassafe a ranar da ba cunkoso. Ki raba yaran biyar-biyar, kowane rukuni da dabba ɗaya da takarda mai layuka irin ta kurar nan, su yi minti 10 shiru suna sa alama, su kuma ƙirga ko akwai ruwa mai tsabta, da inuwa, da wurin ɓuya, da ɗan'uwa, da abin yi. Ki sa su gaida mai kula da dabbobin, su tambaye shi sunan kowace da abin da ta fi so. Abin da suka rubuta ki haɗa shi da wasiƙa mai ladabi da sunan makaranta zuwa ga manajan wurin, kwafi ga hukumar da ke sama da shi, ki fara da abin da kuka ga an yi daidai. In makaranta tana son ba da gudummawa, ku tambayi mai kula da su abin da ya dace, domin ba kowane ganye ko igiya ake sa wa dabba ba. Kwalaye marasa ƙusa da salatif, buhun yashi, da zana biyu ko uku ba za su gagari aji ɗaya ba. Amma kafin ranar ta zo, in kina da lambar wani a ofishin, ki kira yau ki ce a canza rubu'in ruwan kifin nan a kunna musu iska.